Kwarurukan Madina: Darasin da Ɗalibai Ke Ɗauka a Wajen Aji

Tun da aka kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, ɗalibai daga Najeriya, Nijar da Ghana ke tururuwar zuwa can neman ilimi. Marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam na cikin waɗanda suka yi karatu a can. Sai dai ba a aji kaɗai ake karatun ba. Garin kewaye yake da kwaruruka da duwatsun da sunayensu suka cika littattafan sira, kuma ɗalibin da ya taka su da ƙafarsa yakan fi wanda ya haddace su fahimtar abin da ya faru a cikinsu.

Na farko shi ne kwarin Aƙiƙ, wanda ya ratsa yammacin birnin, kusa da jami'ar. Hadisin Bukhari ya kira shi kwari mai albarka. A cikinsa Zul-Hulaifa take, wato Abyar Ali, inda mai tafiya Makka daga Madina yake ɗaura harami. Manyan mutane sun gina gidaje a bakinsa saboda ruwa da iska mai daɗi. Har yau ana ganin kangon gidan Urwatu ɗan Zubairu, kuma a wannan yanki Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya rasu, aka ɗauko shi zuwa maƙabartar Baƙi'a. Yawancin shekara kwarin a bushe yake ƙayau, amma da an yi ruwa mai ƙarfi sai ya cika, mutanen gari su fito kallo.

Uhudu ne wurin da idon ɗalibi ya fi buɗewa. Dutsen yana arewa da Masallacin Annabi (SAW), tafiyar kamar kilomita 5. A gabansa akwai ɗan tudun da aka tsayar da maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu ranar yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, aka ce kada su sauko ko me ya faru. Tudun bai da tsayi, cikin 'yan mintuna an hau shi. Amma wanda ya tsaya a kansa zai ga filin daga a ƙasa, ya ga babban dutsen da Musulmi suka ba wa baya, ya kuma ga hanyar da Halidu ɗan Walidu ya bi da mahaya dawakin Ƙuraishawa ya zagayo bayan yawancin maharban sun sauka tattara ganima. Abin da malami zai shafe awa yana zanawa a allo, a nan kallo ɗaya ya wadatar. Daga ƙasa kuma ga maƙabartar shahidai kimanin 70, cikinsu har da Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu.

Kwarin Ƙanat ne ya bi ta wurin. Masu karatun Muwaɗɗa ta Imam Malik sun san labarin ambaliyar da ta tone kabarin Amru ɗan Jamuhu da Abdullahi ɗan Amru shekara 46 bayan yaƙin, aka same su jikinsu bai canza ba.

Ta kudu akwai Masallacin Ƙuba, wanda Manzon Allah (SAW) kan ziyarta kowace Asabar. Kusa da shi, a kwarin Ranuna, aka yi sallar Juma'ar farko da ya jagoranta bayan Hijira, a unguwar Banu Salim.

Badar kuwa sai an shirya, domin tana da nisan kusan kilomita 150 kudu maso yamma. Ɗalibai kan yi karo-karo su ɗauki mota lokacin hutu. A can ake gane gaɓa ta kusa da gaɓa ta nesa ta kwarin da Suratul Anfal ta ambata, inda Musulmi ɗari uku da 'yan kai suka kara da Ƙuraishawa kusan 1,000 ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2.

Malaman jami'ar kan jaddada bambanci tsakanin ziyarar ibada da ta tarihi. Wuraren da suke cewa an shar'anta ziyarta su ne Masallacin Annabi da kabarinsa, Ƙuba, Baƙi'a da shahidan Uhudu. Sauran ana zuwa ne don sani. Wannan bayani yana amfani idan alhazai suka iso, ɗalibai suka zama 'yan rakiya da tafintoci. Kusan kullum sai wani ya nemi a kai shi "kwarin aljanu", Wadi al-Baida, inda mota ke gangarawa ba a taka ta ba kamar tana hawa tudu. Ɗalibin yakan yi bayanin cewa hanyar gangare ce, yanayin duwatsun gefe ne ke ruɗar ido, kuma babu wata falala da aka ruwaito game da wurin. Duk da haka, da yawa sai sun sa direba ya kashe injin sun gani da idonsu.