Digiri na biyu kan muhalli ba karatun dashen itace ba ne

Tun da shirin ACReSAL ya iso jihar Katsina, maganar muhalli ta shiga bakin jama'a a Kankiya da Kusada, sai dai a karkace ta shiga. Abin da ake faɗi a majalisu shi ne gwamnati ta ciwo bashi don dashen itace, kuma duk matashin da ya ce zai koma jami'a neman digiri na biyu kan kula da albarkatun ƙasa sai a yi masa ba'a: shekara nawa ake yi ana koyon tona rami a sa dashe? Bashin dai gaskiya ne. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da ba shirin dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya na ƙasar da ta lalace. Amma wanda ya ɗauka dashe ne kaɗai aikin ba zai taɓa tambayar wa zai auna ko kuɗin sun yi amfani ba, alhali shi da 'ya'yansa ne za su biya.

Dashe kam mun sha yi. Bayan farin 1973 da na 1984, Katsina ta samu babban shirin dashen itatuwa da kuɗin ƙasashen Turai a ƙarshen shekarun 1980. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. Kowace damina manya kan fito su dasa, a ɗauki hoto, a watse. Abin da ba a saba gani ba shi ne wani ya koma a tsakiyar bazara ya ƙirga nawa suka tsira daga awaki da gara da ƙishirwa.

A Maraɗi aka ga inda gizo ke saƙa. A farkon shekarun 1980 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dashen da ke mutuwa, sai ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututture ne masu rai, saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Idan aka bar rassa kaɗan masu ƙarfi aka datse sauran, itace zai tashi ba tare da ban-ruwa ba. Wannan sassaben zamani ya bazu har aka kiyasta ya mayar da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo a kan gaba, wanda ke zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa gero inuwa, ga takin da yake ba ƙasa. Sai dai dabarar ba ta yi ƙarfi ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba idan ya sare reshe. Ashe rabin matsalar ta ilimin tsirrai ce, rabi kuma ta doka da mallaka. Haɗa waɗannan biyun shi ne ainihin abin da ake koyo a wannan fanni.

Haka batun ruwa yake. Tsakiyar Katsina a kan tsohon dutse mai tauri take, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa yana maƙale ne a saman dutsen da ya ruɓe da kuma cikin tsagoginsa, ba tafki ba ne shimfiɗe ko'ina. Rijiyoyin burtsatse da aka haƙa kusa da juna kamar ludaya ne da yawa a ƙwaryar fura ɗaya: ƙara ludayi ba ya ƙara fura. Ɗan siyasa yana ƙirga rijiyoyin da ya haƙa. Sanin ko damina na mayar da abin da ake zuƙa kuwa sai wanda ya koyi auna zurfin ruwa shekara bayan shekara.

Wani zai ce manomin Yashe ko Gidan Mutum Ɗaya ya fi mai digiri sanin ƙasarsa. Haka ne, kuma bincike ne ya kafa hujjar hakan. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin gonakin kewayen Kano, ya nuna cewa yawan jama'a bai kashe ƙasar ba, domin manoma na kai taki suna raina itatuwa. Da babu irin wannan rubutaccen bincike, da jami'ai na nan suna ɗora wa talaka laifin kwararowar hamada. Sanin manomi ba ya isa teburin da ake rabon kasafi sai da mai ɗaukar sa da alƙaluma.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na rashin aiki, da na kundayen bincike da ke shan ƙura a ɗakunan karatu. Wannan laifin na masu ɗaukar aiki ne da jami'o'in kansu. Wurin karatu bai yi nisa ba: Cibiyar Nazarin Noman Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da aka kafa a 2012, tana ba da digiri na biyu da na uku kan kula da albarkatun ƙasa da sauyin yanayi, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a gida. Abin da ya rage shi ne ƙananan hukumomin Kusada da Kankiya su ɗauki nauyin 'ya'yansu bisa sharaɗin cewa binciken zai kasance kan gonaki da rijiyoyi da burtalolin yankin, kuma a ajiye sakamakonsa a sashen noma inda kowa zai iya gani. Idan ba a yi haka ba, masu kwangila daga Abuja ne za su ci gaba da rubuta rahoton nasarar aikin da su kansu suka yi.