Maiƙon Da Ke Ceton Mai Hawan Dutse, Shi Ke Wahal Da Mai Sikila

Da an ambaci kitse, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne teɓa da ciwon zuciya. Amma binciken masana ya nuna akwai wani irin maiƙo a cikin jajayen ƙwayoyin jini wanda ke tashi tsaye duk lokacin da iskar oksijin ta yi wa jiki ƙaranci. Sunansa a wurin likitoci S1P.

A shekarar 2016 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum 21 masu ƙoshin lafiya. An hau da su dutsen Cakaltaya na ƙasar Bolibiya, mai tsawo fiye da ƙafa 17,000, inda numfashi ke wuya, suka yi kwana 16. Da aka auna jininsu sai aka tarar maiƙon nan ya ƙaru. Aikinsa kuwa shi ne ya canza yadda ƙwayar jini ke ƙona sukari, har ta samar da wani sinadari mai sassauta riƙon da himogulobin ke yi wa oksijin. Watau sai jini ya riƙa sakin ɗan abin da ya samu ga tsoka da ƙwaƙwalwa ba tare da rowa ba.

To, ga mai amosanin jini, watau sikila, a nan gizo ke saƙa. Himogulobin ɗinsa da zarar ya saki oksijin sai ya manne da juna ya sandare, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Toshewar nan ta daɗa hana naman wurin iska, ciwo ya tsananta. Tun a 2014 masana a Jami'ar Tekzas ta Amurka suka gano S1P ya yi yawa a jinin masu wannan ciwo. Da suka danne sinadarin da ke ƙera shi a jikin ɓeraye masu sikila, sai lanƙwashewar ta ragu.

Maganar ta shafi ƙasar nan ƙwarai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da sikila a Nijeriya kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Gwajin dai a ɓeraye ya tsaya, bai zama maganin da ake bayarwa a asibiti ba. Har yanzu likitoci na gargaɗin masu ciwon su guji hawa duwatsu masu tsawo ainun da shiga ƙananan jiragen sama marasa na'urar daidaita iska.