Jigilar 'Yan Makaranta A Abidjan: Takardun Da Ake Nema Kafin A Ɗauki Ɗan Wani

Daga wakilinmu a Abidjan

Duk wanda ya taɓa yin sallar asuba a kewayen kasuwar Treichville, ko a lungunan Adjamé, ya san cewa kafin 'yan kasuwa su gama buɗe rumfuna, yara sun riga sun cika bakin titi da jakunkuna a baya. Wasu na jiran bas ɗin kamfanin SOTRA, wasu na kokawar shiga gbaka, wasu kuma uba ne ke riƙe da hannunsu yana duba agogo, domin ga makaranta na jira, ga kuma shago a rufe. Tun daga shekarar 2015 dokar ƙasar Kwaddibuwa ta wajabta karatu a kan kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16, saboda haka wannan sammako ya zama dole a kowane gida, har da gidajen Hausawa baƙi da waɗanda aka haifa a nan.

Wahalar ba ƙarama ba ce. Ƙidayar 2021 ta nuna mazauna birnin Abidjan sun haura miliyan 5, kuma ruwa ya raba garin gida-gida. Treichville tana kan tsibiri ne, gadoji biyu suka haɗa ta da unguwar Plateau, wato gadar Houphouët-Boigny da ta De Gaulle, Adjamé kuma tana arewa da Plateau. Yaron da gidansu ke wannan ƙetare, makarantarsa ke wancan, cunkoson safiya kaɗai ya isa ya cinye masa darasin farko.

Wannan ne ya sa wasu daga cikin mutanenmu suka fara hango sana'a a nan. Mai sayar da albasa ko takalma ya tara ɗan jari, yana da ƙane ko ɗa da ya iya tuƙi yana zaune, sai ya ce bari ya sayi ƙaramar bas ya riƙa kai 'ya'yan maƙwabta makaranta, a biya shi duk wata. Tunanin mai kyau ne. Sai dai galibi inda ake yin tuntuɓe shi ne a ɗauka cewa tun da direba na da lasisi, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke kira parmi, mota kuma na da takarda, to magana ta ƙare. Alhali kuwa da zarar an karɓi kuɗi domin ɗaukar mutum, a idon hukuma an shiga sana'ar sufuri ke nan, ko da kuwa fasinjan ɗan maƙwabci ne mai shekara 7. Ginshiƙin ƙa'idojin wannan sana'a shi ne dokar sufurin cikin gida ta watan Disamba na 2014. A taƙaice abu uku ne ke buƙatar takarda: direba, da mota, da ita kanta sana'ar.

Direba tukuna

Lasisin tuƙi aji-aji ne. Ajin B, wanda yawancin mutane ke da shi, iyakarsa motar da kujerunta ba su wuce 9 ba har da ta direba. Duk bas ɗin da ta wuce haka, irin Hiace mai kujeru 15 ko fiye, sai mai ajin D, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 21 ba. Don haka yaron gida ɗan shekara 19, komai ƙwarewarsa a kan sitiyari, ba shi da hurumin tuƙa bas cike da ɗalibai. Hanyar samun ajin D ita ce a yi rajista a makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, a yi gwajin lafiya, musamman na ido, sannan a ci jarrabawar dokokin hanya da ta tuƙi.

Tun daga 2014 ana karɓar katin lasisi da sauran takardun mota ne a cibiyoyin Ma'aikatar Sufuri da ake kira CGI, waɗanda kamfanin Quipux Afrique ke gudanarwa. Wanda ya zo da lasisin Nijeriya ko na Nijar, kuma ya zauna a ƙasar da niyyar tuƙin haya, can ne zai fara zuwa ya nemi a musanya masa da na ƙasa. Akwai kuma horo na musamman da hukumar kiyaye haɗurra ta OSER ke ba direbobin haya, wanda ake bayar da takardar shaida mai suna CACR a ƙarshensa. Direban da ke son shugaban makaranta ya saurare shi, yana da kyau ya riƙe ta a hannu.

Wani abin lura shi ne, daga ranar 1 ga Maris na 2023 lasisin Kwaddibuwa ya koma na maki. Kowane direba na farawa da maki 12, kuma ana zaftare su saboda laifuffuka irin su gudun wuce sa'a, da amsa waya ana tuƙi, da tuƙi cikin maye. In suka ƙare, lasisi ya faɗi. Ga kuma na'urorin ɗaukar hoto da aka kafa a manyan titunan Abidjan tun 2021, waɗanda ke aiko wa mai mota tara ta wayarsa ba tare da ɗan sanda ya busa usur ba. Na'ura kuwa ba ta san haƙuri ba, ba ta karɓar na goro.

Sai mota

A nan ne 'yan kasuwar kan iyaka ya kamata su buɗe kunne sosai. An saba da cewa mai son mota mai rahusa ya nufi Kwatano ko Lome. To amma wata doka da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2017, ta fara aiki a 2018, ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita Kwaddibuwa: ƙaramar mota kada ta wuce shekara 5, ƙaramar bas mai kujeru 9 zuwa 34 kada ta wuce shekara 7, babbar bas kuma shekara 10. Wanda ya sayo tsohuwar bas mai shekara 15 a waje saboda araha, yana iya ƙarewa da ƙarfen da ba zai samu lambar ƙasa ba. Araha dai ba ta ado.

In kuwa a cikin gari za a saya, abu na farko shi ne katin mallaka, wato carte grise. A tabbatar lambar jikin mota ta yi daidai da wadda ke kan katin, kuma a juya shi zuwa sunan sabon mai ita ba tare da jinkiri ba. Barin kati da sunan tsohon mai mota yana nufin duk sauran takardu za su tsaya cik. A kan katin ne kuma aka rubuta adadin kujeru, wannan adadi shi ne iyakar yaran da za a ɗauka. Maganar cewa ai yara ƙanana ne, uku za su iya zama a kujerar mutum biyu, ba ta da gurbi a doka.

Bayan haka sai binciken lafiyar mota, wanda aka fi sani da bizit, a cibiyoyi irin na kamfanin SICTA. Motar gida sau ɗaya take zuwa a shekara, amma motar ɗaukar fasinja duk wata 6. Ana duba birki, da tayoyi, da fitilu, da sitiyari, da hayaƙi, kuma a nan ake biyan harajin mota na shekara da ake kira vignette. Kada a rasa tukunyar kashe gobara, da akwatin magani, da alamar tsayawa mai kusurwa uku a cikin motar.

Inshora: nan gizo ke saƙar

In akwai takardar da ba a wasa da ita, to inshora ce, ko asiransi kamar yadda wasu ke faɗa. Dokar inshora ta CIMA, wadda Kwaddibuwa da Nijar da sauran ƙasashen yankin kuɗin sefa ke aiki da ita, ta wajabta wa kowace mota inshorar biyan diyyar wanda aka yi wa ɓarna. Sai dai kuɗin ya danganta da irin aikin da mai mota ya ce za ta yi. Ta zirga-zirgar iyali daban, ta ɗaukar kaya daban, ta ɗaukar fasinja da kuɗi daban, kuma wannan ta ƙarshe ta fi tsada.

Saboda tsadar ne wasu ke yanke ta motar gida, su ci gaba da ɗaukar yara. Muddin ba abin da ya faru, sai a ga kamar an yi dabara. Amma a ce wata safiya ana ruwan sama a watan Yuni, birki ya ƙi, yara goma sha biyu na ciki. Abu na farko da kamfani zai duba shi ne me aka gaya masa lokacin yankar inshora. In ya tarar an ɓoye masa cewa motar haya ce, yana iya tirjewa, ko ya juyo kan mai mota da nauyin diyya. A ranar, kuɗin asibiti da na kotu ba daga ribar bas za su fito ba, daga jarin shago za su fito. Abin da ya fi wannan ciwo kuma, iyayen yaran ba baƙi ba ne, su ne waɗanda ake sahu ɗaya da su a masallaci.

Rajistar sana'a

Hanya biyu ce a gaban mai son shiga. Ta farko, ya nemi aikin direba a makarantar da ke da motarta. A nan takardun mota nauyin makaranta ne, shi nasa lasisi da takardar aiki a rubuce, da rajista a asusun ma'aikata na CNPS. Ta biyu, ya zama mai motar kansa. To wannan sai ya yi rajistar kasuwanci, ya bayyana kansa ga hukumar haraji, ya shiga rajistar masu sufuri, sannan a ba motar katin izinin sufuri, wato carte de transport. Akwai kuma harajin sana'a na patente, da kuɗin wurin tsayawa da ake biyan hukumomin gari. Tsara sufuri a Abidjan da kewaye yana hannun hukumar AMUGA, wadda aka kafa a 2019.

Kada a rikita wannan da izinin motocin da ake kira ta wayar salula, irin su Yango. Waɗancan suna da tasu doka ta 2021, kuma tsarinsu dabam ne da na bas ɗin makaranta.

Baƙo kuma sai ya fara da takardun kansa, wato fasfo da katin ofishin jakadancin ƙasarsa, duk masu rai. 'Yan Nijar su tuna ƙasarsu ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025, kodayake tana nan cikin ƙungiyar UEMOA tare da Kwaddibuwa. Don haka kafin a biya kuɗin mota, a fara zuwa CGI da takardun shaida a ji sharuɗɗan rajista daga bakin ma'aikaci. A guji 'yan kamasho da ke tare mutane a bakin ƙofa da alƙawarin fito da takarda a kwana ɗaya, a biya kuɗi a taga, a karɓi rasit. Haka nan dabarar sa sunan wani a kan takardu tana da haɗari, domin a gaban alƙali wanda sunansa ke kan kati shi ne mai mota.

Lissafi kafin saye

Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a koya masa lissafi, amma wannan sana'a tana da wani lungu. Makarantu na buɗewa a watan Satumba, su tafi dogon hutu wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, ban da hutun Kirsimeti da na Ista. Ke nan kuɗin iyaye kusan na wata tara zuwa goma ne, alhali inshora da haraji da gyara ba sa tafiya hutu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar tun watan Janairu na 2023 shi ne sefa 75,000, wato jaka 75 a wata. Direba ɗaya kawai a kan wannan albashi ya tashi sefa 900,000 a shekara, ba a sa mai ba, ba a sa mai rakiyar yara ba. Wanda bai raba waɗannan a kan adadin kujerun da ke kan katinsa ba kafin ya yanka wa iyaye farashi, shi ne wanda zai koma cusa yara fiye da ƙima don ya fita.

Abin da takarda ba ta rubuta ba

Bayan duk wannan akwai amana. Mai hankali zai kai wa shugaban makaranta takardar shaidar rashin laifi daga kotu, wato casier judiciaire, tun kafin a tambaye shi. Zai rubuta yarjejeniya da kowane uba: inda za a ɗauki yaro, da lokaci, da sunan wanda aka yarda ya karɓe shi. Zai sa babban mutum guda a bayan mota, mace in akwai 'yan mata ƙanana, mai buɗe ƙofa da tsallakar da yara titi. Zai ƙirga su a shiga, ya ƙirga a fita, ya leƙa ƙarƙashin kujeru kafin ya kulle mota, domin yaro na iya yin barci a baya, zafin mota a rufe kuwa kisa yake yi. Lambar 'yan kwana-kwana, 180, ta kasance a manne a gaban direba.

Su ma iyaye da nasu. Mutumin da ba zai ba da buhun albasa bashi ba sai ya san gidan mai karɓa, bai kamata ya miƙa ɗansa ga motar da bai ga takardunta ba. Neman ganin lasisi, da bizit, da inshora ba cin fuska ba ne, kuma direban kirki ba zai ji haushi ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin kai ɗan wani makaranta ya ɗauki alƙawarin dawo da shi gida lafiya. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a nema.