Fitilun Hazo: Ƙaramin Ramin Da Kan Cinye Jarin Mai Mota

LEGAS: Daga ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da iskar hunturu ke fara ɗebo ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana watsa ta har gaɓar teku, cinikin fitilun hazo kan buɗe a kasuwannin kayan gyaran mota na kudancin ƙasar nan. A kasuwar Ladipo da ke Mushin a Legas, da ta Agodi a Ibadan, da Nkwo Nnewi da Mgbuka Obosi a jihar Anambra, mai saye zai tarar da fitilun iri-iri, sababbi da na hannu waɗanda aka ciro daga jikin motocin da aka yanka a Turai da Amurka. Daga cikin masu sayensu akwai fatake da masu motocin sufuri da ke safarar albasa da tumatir zuwa Mile 12, waɗanda galibin tafiyarsu ta dare ce da asuba, kuma suna ratsa hazo iri biyu: na ƙura a arewa, da na raɓa da kan kwanta a kwaruruka tsakanin Lokoja da Ore.

Sayen fitila shi ne mai sauƙin lamarin. Inda dukiya ke salwanta shi ne wajen ɗaura ta, musamman a daidai wurin da waya za ta ratsa bangon ƙarfen nan da ya raba ɗakin inji da mazaunin direba. Masu ƙera mota sun girka wannan bango ne domin ya tsare zafi da hayaƙi da ƙara, kuma idan wuta ta tashi a inji ya jinkirta ta har mutane su sami fita. Fitila tana gaba a jikin bamfa, batir yana ƙarƙashin bonet, makunni kuwa yana gaban direba, saboda haka babu makawa sai wata waya ta keta bangon. Yadda ta keta shi ne ke bambanta aikin gwani da na ɗan koyo.

Lissafin wutar ba mai wuya ba ne. Ƙwan fitilar hazo na gargajiya, irin su H3 da H11, yana cin wat 55. Guda biyu sun zama wat 110, kuma idan aka raba wannan da volt 12 na ƙaramar mota za a ga suna jan kimanin amfiya 9. Wannan ya fi ƙarfin siririyar wayar da ke bayan dashbod, ya kuma fi ƙarfin yawancin ƙananan makunnai da ake sayarwa a kasuwa. Abin da ake yawan gani a garejin bakin hanya shi ne a jawo waya guda daga batir, a cusa ta cikin ɗakin mota zuwa makunni, sannan a sake fito da ita zuwa fitilu. Watau dai wutar gaba ɗayanta ta ratsa bangon sau biyu, ta kuma bi ta kusa da gwiwar direba, inda akwai kafet da roba da soso, abubuwan da wuta ke so.

Hanyar da ta dace ita ce a yi amfani da rile, ɗan akwatin nan baƙi mai ƙafa huɗu ko biyar. Lambobin da ke jikin ƙafafunsa iri ɗaya ne kusan ko'ina, domin sun samo asali daga ma'aunin masana'antun Jamus mai lamba DIN 72552. Ƙafa ta 30 tana karɓar wuta daga batir, ta 87 tana miƙa ta ga fitilu, 85 da 86 kuwa su ne na ɗan maganaɗisun da ke buɗewa da rufewa. Ana ɗaure rilen a ɗakin inji, a wurin da ruwa ba ya taruwa, don haka babbar wutar ba ta shiga ɗakin mota sam. Abin da zai ratsa bango shi ne siririyar wayar umarni kawai, wadda abin da take ɗauka bai kai rubu'in amfiya ɗaya ba. Wasu masu wayarin ma sukan shirya makunnin ta yadda aikinsa shi ne haɗa ƙafa ta 85 da jikin mota, ta yadda ko wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, iyakar abin da zai faru shi ne fitila ta kama da kanta. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ba ta ƙara ko kwabo a kan kuɗin aiki.

Sai batun fis. Mutane da yawa sun ɗauka fis yana kare fitila ne, alhali kuwa waya yake karewa. Dalili ke nan da ya sa wajibi ne ya zauna dab da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba shi da kariya. Ga fitilu biyu masu wat 55, fis mai amfiya 15 da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 zuwa 2.5 sun wadatar. Batirin mota, duk da ƙanƙantarsa, yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a take idan waya mai wuta ta haɗu da jikin mota. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan rigar wayar za ta narke ta kama. Wanda ya ga fis yana yawan ƙonewa ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar kwalin taba, ya cire mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Dangane da ratsa bangon kansa, ƙa'idar farko ita ce kada a huda sabon rami matuƙar akwai tsoho. Kowace mota tana fitowa daga masana'anta da ramuka da aka toshe da zoben roba: na babban daurin wayoyi, da na igiyar buɗe bonet, da wasu da aka bari babu komai a ciki domin kayan da ba a saka wa wannan samfurin ba. Mota mai canza giya da kanta sau da yawa tana da toshen roba a wurin da ya kamata kuloci ya bi, kuma wannan shi ne mafi dacewa. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, sitiyarin motocin ƙasar yana hagu, don haka a ɓangaren hagu na bangon ake neman wannan toshe, kusa da tukunyar birki.

Idan ta babban zoben za a bi, ana huda gefen robar ne, nesa da daurin wayoyin, a tura wani abu marar kaifi ya yi jagora, a ɗan shafa ruwan sabulu, sannan a jawo wayar a hankali. Ɗan koyo mai gaggawa kan ɗauki sukudireba ko tsinken ƙarfe ya caka a tsakiya. Motar za ta tashi lafiya a ranar, mai ita ya biya ya tafi. Bayan wata biyu ko uku sai ta fara mutuwa a kan hanya ba gaira ba dalili, ko fitilun gargaɗi su riƙa kamawa, saboda tsinken ya yanki rigar wata waya a cikin daurin, danshi ya shiga. Neman irin wannan ciwo yakan ɗauki kwanaki, kuma sau da yawa sai an canza lafiyayyun kaya biyu ko uku kafin a gano shi.

In kuwa dole ta sa sai an huda, to a fara cire kan batir, a duba bangon ta ciki da waje, domin a bayansa akwai bututun birki, da na'urar sanyaya ɗaki, da ƙwaƙwalwar inji a wasu motocin. Bayan hudawa a goge bakin ramin har kaifinsa ya tafi, a shafa fenti saboda tsatsa, a sa zoben roba daidai girman ramin, a zura wayar cikin rigar roba mai lanƙwasa, sannan a liƙe abin da ya rage na ramin. Salatif ba ya maye gurbin zobe. Zafin inji yana narkar da ɗankonsa, girgizar hanya ta zame shi, bakin ƙarfen ya ci gaba da yankar wayar kaɗan-kaɗan kamar zarto. Motar da ke bin hanyar Okene zuwa Benin da kaya tana girgiza a tafiya ɗaya fiye da yadda motar ofis ke yi a wata guda. Ramin da aka bari a buɗe kuma hanya ce ta ruwan sama da hayaƙin inji zuwa cikin ɗaki, kuma hayaƙin nan yana sa direba gyangyaɗi ba tare da ya ji warin komai ba. Yana da kyau a bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga ramin, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje. A ciki kuma a ɗaure ta nesa da sandar sitiyari da matakan birki da totur, a waje a nesanta ta daga bakin salansa da fankar lagireto.

A zamanin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Beetle ta kamfanin Volkswagen a Legas, mai wayarin yana iya gane kowace waya da ƙwan gwaji, ya ɗebi wuta daga inda ya ga dama. Motocin tokumbo da ake saukewa a Apapa da Tin Can ba haka suke ba. Kamfanin Bosch ya gabatar da tsarin sadarwa na CAN a 1986, wanda ke sa na'urorin mota su riƙa aika wa juna saƙo ta wayoyi biyu da aka tufke, kuma daga samfurin 2008 dokar Amurka ta wajabta shi ga ƙananan motocin da ake sayarwa a can. Duk wanda ya yanki ɗaya daga cikin waɗannan wayoyi don neman wuta, yana iya kashe kwamfutar da kuɗinta ya ninka na fitilun sau da yawa. Wayoyi da soket masu launin rawaya a ƙarƙashin dashbod galibi na jakar iska ne, ba a taɓa su. Wurin da ya dace a ɗebi wutar umarni shi ne akwatin fis, daga layin ƙananan fitilu, ta yadda idan direba ya kashe su fitilun hazo ma za su mutu, ba za su kwana suna zuƙe batir ba.

Masu manyan motoci suna da nasu lissafin. Tirela tana aiki da volt 24, watau batir biyu a jere, kuma ƙwanta na hazo wat 70 ne, biyu suna jan kimanin amfiya 6. Don neman araha, wasu kan sayi fitila da rile na volt 12 su ɗaura a kan batir ɗaya. Sakamakonsa shi ne batirin nan ya riƙa raguwa fiye da ɗan'uwansa, na biyun ya riƙa shan caji fiye da kima, dukansu su mutu kafin lokacinsu.

Akwai wata matsala da ta shafi kasuwa kai tsaye, ita ce ingancin wayar. Ana sayar da wayar alminiyam da aka lulluɓe da jan ƙarfe, wadda a ido ba ta da bambanci da ta gaske, alhali alminiyam yana ɗaukar kimanin kashi 61 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, kuma yana saurin karyewa a inda ake girgiza. Akwai kuma mai kaurin riga da siraran zaruruwa a ciki. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin irin wannan yanayi a 1970, da misalin kasuwar tsofaffin motoci: idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau, ba zai yarda ya biya farashin mai kyau ba, sai mai kyau ya janye daga kasuwa. Haka yake ga waya, haka kuma yake ga masu aikin, domin aikin gwani da na ɗan koyo duk a ɓoye suke a bayan dashbod, kuma dukansu fitila tana kamawa a ranar farko. Tun bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023 kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, abin da ya ƙara tura masu saye wajen mafi araha. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a kankare zaren wayar da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ce. Ana kuma yin waya ta jan ƙarfe a cikin gida, misali kamfanin Cutix da ke Nnewi.

Ta fuskar inshora, yawancin motocin ƙasar nan masu inshora suna da takardar nan ce ta kare haƙƙin wani, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 daga 1 ga Janairu, 2023, tare da ɗaga diyyar dukiyar wani zuwa naira miliyan 3. Wannan takarda ba ta biyan mai mota ko sisi idan motarsa ta ƙone. Mai cikakkiyar inshora ma ya kamata ya sanar da kamfaninsa a rubuce duk wani ƙari da ya yi wa wayarin motar, domin ɓoye irin wannan canji yana iya zama hujjar jayayya a ranar biyan diyya. Ga ɗan kasuwar da ya ɗauko kayan mutane a kan amana, asarar ba ta tsaya ga mota ba.

Bayan duk wannan, fitilar ba ta da amfani sai an ɗaura ta a inda ya kamata. Doguwar fitila a cikin hazo tana dukan ƙura ko raɓa ta dawo idon direba kamar farin bango. Fitilar hazo an yi ta ne ta zauna ƙasa, ta baza haske a faɗi ba a tsawo ba, ta nuna gefen kwalta da 'yan mitocin da ke gaba. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun mota ta ce kada ta yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kada kuma ta fi gajeriyar fitilar gaba tsawo, launinta fari ko rawaya. Faransa ta wajabta rawayar fitila tun daga 1937 har zuwa 1993, amma abin da ya fi launi tasiri shi ne saiti. Sandunan LED da ake kafawa a kan rufi ko saman bamfa ba fitilun hazo ba ne, suna makantar da mai tahowa a kan hanya mai layi ɗaya, kuma a cikin ƙura mai kauri suna rage wa mai su ganin hanya. Ana yin saitin ne da dare, mota ɗauke da irin nauyin da ta saba ɗauka, a tsaye a fili mai daidaito tana fuskantar bango daga tazarar mita bakwai ko takwas, a sunkuyar da fitilun har saman haskensu ya faɗo ƙasa da tsayin ƙwan da kimanin faɗin tafin hannu.