Awon hawan jinin ido: shin iskar na'ura na yaɗa cuta?

Duk wanda ya taɓa raka tsoho awon ido ya san abin: a ɗora haɓa a kan na'ura, a ƙura ido, sai "fuf", iska ta bugi ƙwayar idon. Da haka ake gane matsin ruwan cikin ido, wanda a mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Idan ya haura, ana fargabar hawan jinin ido, ciwon da ke cinye gani a ɓoye, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa.

Tun 1991 wani bincike a Amurka ya nuna iskar tana fantsama hawaye ƙanana-ƙanana cikin ɗaki. Ba a damu sosai ba sai da korona ta zo. Likitan ido Li Wenliang na birnin Wuhan, wanda ya rasu ranar 7 ga Fabrairun 2020, ana kyautata zaton wata mai hawan jinin ido da ya duba ce ta sa masa cutar. Daga nan asibitoci da dama suka jingine na'urar na ɗan lokaci.

Sai dai ga mutanen Ƙonni, Malbaza da Illela, fantsamar hawaye ba ita ce babbar barazana ba. Kusanci ne. Likita da majinyaci fuska da fuska, numfashi na haɗuwa, ga kuma cunkoson zauren jira, ko a asibitin Galmi ne ko ranar da ayarin likitocin ido ya sauka gari. A hunturu kuwa, ana rufe tagogi saboda ƙura, daidai lokacin tari da mura. A irin wannan ɗaki tarin fuka da ƙyanda ke samun hanya.

Ɗaya na'urar, mai taɓa ido, tata matsalar daban ce: in ba a wanke kanta da ruwan jabel ba bayan kowane mutum, sai ta kwashi jan ido irin na apolo ta kai wa na gaba.

Ga 'yan ci-rani masu turo kuɗin magani daga Legas, Abijan ko Libiya: kada a hana Baba awo don tsoro. A gaya wa mai rakiya, idan tsohon na tari ko idonsa ya yi ja, ya sanar da likita tun a ƙofa, ya sa masa takunkumi, kuma ya tambaya ko an goge na'urar.