Rubuta Kod a Manhaja ko Danna Shi a Fiyano?

A yau mutum ɗaya yana iya fitar da kiɗan da a da sai an tara makaɗa biyar, kuma ga hanya biyu daga cikin hanyoyin yin hakan. Akwai manhajar Band-in-a-Box, wadda kamfanin PG Music na Peter Gannon a Kanada ya fitar a 1990. Akwai kuma fiyano irin Yamaha PSR, wanda situdiyoyin Kano suka dogara da shi wajen kiɗan finafinan Hausa tun shekarun 1990. Dukansu da kod suke aiki, wato sautuka uku ko fiye da ake bugawa tare, su zama shimfiɗar da murya za ta hau. Inda suka rabu shi ne yaushe makaɗi zai yanke shawara.

A manhajar, shawara tana gaba da kiɗa. Kana buɗe ta za ka tarar da shafi mai gidaje jere, huɗu a kowane layi, kowane gida gaɓa ɗaya ce ta kiɗa. Sai ka rubuta C a nan, Am a can, G7 a gaba, ka zaɓi salo, ka danna, sai ganga da jita da bas su tashi. Idan ka sa alamar "a" ko "b" a kan wata gaɓa, ka shaida wa manhajar cewa sabon sashe ya fara, ita kuma ta yi maka juyin ganga daf da wurin. Wannan tilas ɗin na rubuta komai tun farko yana da amfani ƙwarai. Mai koyo yana ganin waƙarsa da ido: ga mabuɗi, ga baiti, ga amshi, ga inda za a rufe. Duk inda baiti ya yi tsawon da ba gaira ba dalili, shafin zai tona shi. Gyara kuma ba wahala, gida ɗaya za ka goge.

Amma a lura da inda aka haifi manhajar. Sabon shafinta yana zuwa ne da gaɓa 32, tsarin tsofaffin waƙoƙin Amurka da na jaz, inda kod ke sauyawa a kai a kai. Ana iya canza wannan, sai dai tunanin yana nan: kod ne sarki.

Waƙar Hausa ba haka take tafiya ba. Mawaƙi yakan shigo situdiyo da kalmominsa da karinsa a ka, kod biyu ko uku sun ishe shi, nauyin yana kan kari da ganga. Wani baitin layi huɗu ne, na gaba ya zama shida saboda maganar ba ta ƙare ba. A nan fiyano ya yi fice. Hannun hagu yana riƙe da kod, kunne yana bin murya, da mawaƙi ya ja numfashi zai faɗa amshi sai makaɗi ya taɓa maɓallin juyi, kiɗa ya ɗaga. Aibinsa shi ne hannu yakan koma inda ya saba, shi ya sa ake jin waƙoƙi da yawa sun yi kama da juna.

Ni dai ra'ayina, matashin da ke koyo ya zauna da manhajar har ya iya tsara waƙa daga farko zuwa ƙarshe a rubuce. Ranar da mawaƙi ya tsaya gaban makirfo kuwa, a ba fiyano wuri, domin muryar Bahaushe ba ta jiran gidan da aka zana mata.