Hutun iyali a Birnin Kudu da Gwaram: A duba ruwa kafin a sa rana

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, magidanta a Kano da Dutse kan shiga tunanin inda za su kai yara su sha iska. Masu hali kan nufi Legas, su shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe, inda mai hankali ba ya fita sai ya san lokacin cika da janyewar teku. Wanda aljihunsa bai kai can ba yana da abin kallo a kusa da gida: duwatsun tarihi na Birnin Kudu da bakin Kogin Bunga a Gwaram, duk a kudancin Jihar Jigawa. Sai dai wannan tafiya ma ruwa ne ke tsara ta, kuma dogon hutun makaranta yana faɗowa ne daidai lokacin da ruwan ya fi haɗari.

Dalilin yana cikin halin kogin. Bunga ya samo tushe ne daga tsaunukan Jos, ya ratso ƙasar Bauchi, ya biyo ta Gwaram, ya wuce Jama'are wadda yake ɗaukar sunanta daga nan, sannan ya haɗu da Kogin Haɗeja su nufi Tafkin Chadi. Kogin Kano yana da madatsar Tiga, Challawa ma yana da tasa, amma madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana maganar ginawa a kan Bunga ba a kammala ta ba. Saboda haka babu wani babban abin da ke tare ruwansa. Ana iya sheƙa ruwa a kan tudun Jos, sararin Gwaram kuwa garau, amma daga baya kogin ya tumbatsa ba tare da sallama ba. Baƙon da ya dubi sama ya ga babu hadari, ya bar yara suka shiga yashin tsakiyar kogi, ya dubi inda bai kamata ba.

Hanyar kanta kan shiga wannan hali. A watan Agustan 2021 ambaliya ta karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, matafiya suka afka cikinta, aka yi asarar rayuka 21. Wanda ya zama dole ya bi yankin a tsakiyar damina, ya tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar da zai tashi, kuma ya guji tafiyar dare.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun ƙarshen zangon farko, daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu. An gama girbi, kogi ya janye, rana ba ta da zafi sosai. Abin lura kawai shi ne ƙurar hunturu, musamman ga yaro mai ciwon asma, da sanyin safiya da ke buƙatar rigar sanyi. Hutun watan Afrilu kuwa bazara ce tsagwaronta. Zafi kan haura digiri 40, dutse ya ɗauki zafi kamar tanda tun kafin azahar. Hutun Sallah ba shi da mazauni guda, domin duk shekara yana matsowa da kimanin kwana 11, don haka sai an duba a wane yanayi ya faɗo.

Babban abin da zai kai iyali Birnin Kudu shi ne zane-zanen da ke jikin duwatsun garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe da Dutsen Murufu. Masanin kayan tarihin nan Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950 ya sanar da duniyar ilimi, ko da yake mutanen gari sun san da su tun kaka da kakanni. Yawancin zanen na shanu ne, an yi su da launin ja da fari da baƙi a cikin kogo ko a ƙarƙashin inuwar dutse. Ga tambayar da uba zai jefa wa yara kafin ya faɗa musu komai: me ya bambanta waɗannan shanu da waɗanda muka wuce a hanya? Mai ido zai gane cewa ba su da tozo. Bunaji da Rahajin da Fulani ke kiwo a yau duk masu tozo ne, na jikin dutsen kuwa gadon bayansu a miƙe yake, wasu da dogayen ƙaho, wasu gajeru. Wannan shaida ce cewa an yi wani zamani da irin shanun ƙasar nan ya bambanta da na yanzu. Yaron da ya gano haka da kansa ba zai manta da shi kamar yadda yake manta abin da aka rubuta masa a allo ba.

Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sukan yi ƙara kamar ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa. Fagg ya kuma rubuta cewa a wancan zamani amaren garin kan je ɗaya daga cikin waɗannan wurare a ranar bikinsu. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ke da ofishi a garin. Can ya kamata a fara sauka a nemi ɗan jagora, domin zanen ya dushe a wurare da dama, baƙo zai iya tsayawa a gabansa bai gan shi ba. A ja wa yara kunne: ba a taɓawa, ba a watsa ruwa don hoto ya fito, ba a rubuta suna da gawayi ko alli. Kada a tura hannu cikin tsagar dutse saboda maciji da kunama, kuma in an ji kukan zuma a kogo a ja da baya a hankali. Silifas ba takalmin hawan dutse ba ne.

Daga nan sai Gwaram. Da rani kogin kan rabu gida-gida, tsibiran yashi su fito, manoman rani su cika gaɓarsa da kayan lambu. Wuri ne mai daɗin shimfiɗa tabarma da wasan ƙwallo, kuma yaron birni zai ga yadda ake ban ruwa da inji da yadda masunta ke jefa birgi. To amma ruwan da ya kwanta yana da nasa sharrin. A cikinsa ne ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya ke rayuwa, kuma ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Alamar kan bayyana ne bayan makonni, lokacin da yaro ya fara fitsarin jini, an ma manta da zancen tafiyar. Ana warkar da ita da maganin praziquantel a asibiti, amma hana yara wanka a kududdufi ya fi sauƙi. Haka nan, inda aka haƙi yashin gini kan bar rami mai zurfi da ruwa ya rufe. Shiga kwale-kwale kuwa, in babu rigar kariya, ko an cika shi maƙil, ko magariba ta kawo jiki, a haƙura.

Sauran shiri ba shi da yawa. Daga Kano ta Wudil da Kachako tafiyar kimanin awa biyu ce, daga Dutse kuwa ba ta kai haka ba. Iyalin da suka tashi bayan sallar asuba za su hau dutse da hantsi, su sauko kafin azahar, su ci abinci a gari, su isa bakin kogi da la'asar sakaliya. Mai ƙananan yara ko tsofaffi gara ya raba tafiyar kwana biyu. A riƙo ruwan sha mai yawa da gishirin haɗi na ORS da kuɗi a hannu, domin ba ko'ina ake samun mai POS ba. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan cikin Birnin Kudu idan larura ta taso. A bakin kogi kuwa, kafin a sauke tabarma, a nemi mai unguwa ko dattijon masunta a gaishe shi, a tambaye shi inda 'ya'yan gari ke wasa da inda ake hana su zuwa.